Laka da Taɓo a Bayan Garo

A daminar da nake tattara bayanan digirina na biyu a kan kalmomin noma, na baro Gwarzo da hantsi bisa aron babur, na nufi wani ƙauye a bayan Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo. Wani dattijo ne ya ce in zo kafin azahar, bayan na shafe mako uku ina neman ganinsa. Ruwa ya kwana yana zuba. Ina barin kwalta na bi burtali, sai tayar baya ta nutse a bakin wata fadama har ta kusa taɓa salansa.

Na yi abin da ɗan birni kan yi: na murɗa wuta. Taya ta dinga juyawa wuri guda, tana ƙara haƙa ramin da ta faɗa.

Can sai ga wani manomi da fartanya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Baba. Taɓo ne ya riƙe ni."

"Kashe shi tukuna, ɗana. Wannan ai laka ce. Taɓo kayar da mutum yake yi, laka kuwa kamawa take yi."

Kunya ta rufe ni. Na ga kalmomin biyu a ƙamusun Bargery na 1934, kuma da hannuna na jera su a kundina a matsayin masu ma'ana ɗaya. Laifin nawa ne, domin a tebur na yi wannan hukunci, takalmina a bushe.

Ya sa na rataye jakar rikoda a reshe. Muka kwantar da babur a gefensa, taya ta fito daga ramin da kanta. Ya share lakar da ta cushe tsakanin taya da marfinta da tsinke, ya cika ramin da rassan sabara, sannan muka ja bayan babur zuwa inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Ya ce in rage iska kaɗan, in sa giya ta ɗaya, kada in hau, in bi shi a ƙasa ina turawa. Ya fita ba gardama. Na miƙa masa kuɗin goro, ya ce in ajiye na sha mai.

Sai la'asar na isa ƙauyen, na tarar dattijon ya tafi ta'aziyya Getso. Na ƙara jiran kwana tara. Ranar da muka zauna, na ajiye takardar tambayoyina, na roƙe shi ya fara lissafa mini sunayen ƙasa idan ta jiƙe.