Sammako a kasuwar Mile 12

Uwargida, in kina Legas, ki daure wata rana ki yi sammako zuwa kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu. Kafin gari ya waye manyan motoci sun jeru, 'yan dako na ta sauke kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu daga Kano da Kaduna da Filato, ga buhunan albasar Aliero ta jihar Kebbi. Hausa ke tashi ta ko'ina, har ki manta a Kudu kike. Ki dai sa takalmin da ba kya tausayi, don da damina caɓi ne.

Ki lura da masu sari. A cikinsu akwai masu kai wa otal-otal da kantunan zamani kaya. Tumatirin da kike gani a jere cikin leda a kanti mai sanyi, sau da yawa daga irin kwandunan nan ya fito, aka wanke shi aka liƙa farashi. Sanyin yana jinkirta ruɓewa, amma ba zai gaya miki abin da aka fesa a gona ba.

A kasuwa kuwa kina da baki da hanci. Ki ɗebi wake ki sansana. Wasu masu ajiya na zuba masa Sniper don korar ƙwari, alhali dichlorvos da ke cikinsa guba ce mai taɓa jijiyoyi: tana sa dalalar miyau, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma yara sun fi saurin jigata. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna, amma hani daban, bin sa daban. Ni buhun da na ga 'yan ƙwari na yawo a ciki ya fi kwanta min a rai a kan tsohon wake fes mai warin magani.

Tumatirin da ya fashe, wanda ake kira baje, arha yake, sai dai in fumfuna ta kama shi ki bar musu. Haka gyaɗa da masara masu fumfuna: gubar aflatoxin da ke cikinsu na lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta.

Kayan gwangwani da madarar yara, su kam kanti ya fi, inda rana ba ta gasa su. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, gwangwanin da ya kumbura kuma ki mayar da shi kan kanta.