Komai Nisan Jifa: Wasan Faifai A Duwatsun Bauchi

Duk matafiyin da ya taso daga Jos ya nufi Bauchi, tun daga Tilden Fulani har ya wuce Toro da Nabordo, ba abin da zai riƙa cika masa ido kamar duwatsu. Wani dutsen a kwance yake kamar raƙumi ya gurfana, wani kuwa an jibga masa manyan curarrun duwatsu a ka, wani kan wani, har mutum ya riƙa tsammanin iska kaɗan za ta ture su, alhali kuwa tun kaka da kakanni haka suke. Idan ya hangi Dutsen Zaranda, wanda babban otal ɗin garin ya ari sunansa, to, ya san tafiya ta zo ƙarshe. Da ya shiga gari kuma sai ya tarar duwatsun sun riga shi isowa, ga Wambai, ga Warinje, ga Gudum, ga kuma unguwa sukutum da ake kira Dutsen Tanshi.

Waɗannan duwatsu su ne asalin zaman garin. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya karɓo tutar jihadi, ya fara zama a Inkil, sa'an nan a shekarar 1809 ya kafa birninsa a wannan fili da duwatsu suka yi wa garkuwa. Masu tarihin baka sun ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, kuma daga sunansa aka sami sunan garin. Aka kewaye birni da ganuwa, aka fitar da ƙofofi waɗanda har yau ake ambatonsu, kamar Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wambai da Ƙofar Jahun. Har a fagen ilimin zamani duwatsun sun ɗaga sunan garin, domin akwai wani irin dutse mai duhun launi da ake samu a nan, wanda Farfesa Mosobalaje Oyawoye, masanin ilimin duwatsu, ya laƙaba wa sunan Bauchi, kuma da wannan suna masana na duniya suka san shi.

To, jama'a, abin da ya kai ni gindin waɗannan duwatsu a cikin hunturun da ya wuce wasa ne, kuma wasan da yawancin masu karatu ba su taɓa jin labarinsa ba.

WASAN MANYA DA WASAN TALAKA

Kowa ya san wasan golf, wanda gidajen rediyo kan kira ƙwallon lambu. Turawan haƙar kuza ne suka kawo shi wannan yanki, suka buɗe filin Rayfield kusa da Jos a 1913, lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauchi, domin sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Tun daga wancan zamani wasan ya zama na masu hali. Sandunansa da tsada, shiga kulob ɗinsa da tsada, ga shi yana bukatar fili mai faɗin gaske da ciyawa mai shan ruwa. Saboda ƙarancin ruwa ne ma filaye da yawa a Arewa suka riƙa shimfiɗa yashi da aka cakuɗa da baƙin mai a bakin ramin, maimakon koriyar ciyawa.

Amma a Amurka wasan ya haifi ƙane, kuma ƙanen nan bai gaji tsadar wansa ba. Maimakon ƙwallo da sanda, ana amfani da wani faifai na roba, faɗinsa bai fi santimita 21 da 'yan kai ba, nauyinsa kuma ba ya wuce giram 200, watau bai kai faifan kabar da mata ke rufe ƙwarya da shi girma ba. Maimakon rami kuma, sai a kafa sandar ƙarfe mai ɗauke da kwando, da sarƙoƙi suna reto a samansa. Idan faifan ya daki sarƙoƙin sai ƙarfinsa ya mutu ya faɗa cikin kwandon. Mai wasa yakan tsaya a mafari ya yi jifa, ya bi faifansa, inda ya faɗi nan zai tsaya ya sake jifa, har ya jefa shi a kwando. Akan yi haka a zango 9 ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani.

Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O mai yin faifan Frisbee, shi ake ɗauka uban wasan. Shi ya tsara filin farko a dandalin Oak Grove, kusa da Pasadena ta Jihar Kalifoniya, a 1975, ya kafa ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan a 1976, sa'an nan a 1977 ya yi rajistar kwandon nan mai sarƙoƙi. Ya rasu a 2002. Daga nan wasan ya bazu, har ƙasar Finland ta zama ta biyu bayan Amurka a yawan filaye. Wata mace 'yar ƙasar Estoniya, Kristin Tattar, ta ci kambin duniya a 2022 da 2023, Paul McBeth na Amurka kuwa ya ci sau 6, kuma a 2021 kamfanin Discraft ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 10 da shi ta tsawon shekara 10.

Abin da ya kamata mutumin Bauchi ya lura da shi a nan shi ne, masu wannan wasa ba sa son fili sumul. Tudu da kwari da itatuwa su ne daɗinsa. Filin DeLaveaga da ke Santa Cruz ya shahara ne saboda wani zango da ake jifa daga ƙololuwar tudu zuwa ƙasa, wanda suke yi wa kirari da saman duniya. Filin Maple Hill na Jihar Masacusets kuwa a cikin gonar itatuwa yake, ana noma ana wasa.

YINI GUDA A GEFEN DUTSE

Wani abokina, wanda ya koyo wasan a wurin karatu a ƙasar waje, shi ya zo da faifai guda 6 a cikin jaka. Muka ɗauki samari uku, muka bi hanyar Dass bayan sallar asuba, muka ratse a wani ƙauye da ke jingine da dutse. Kafin komai sai da muka je muka gai da mai unguwa, muka faɗa masa abin da ke tafe da mu. Ya juya faifan a hannunsa, ya yi murmushi, ya ce tunda an girbe dawa, kuma ba za mu taɓa kan karan da aka tara ba, mu je Allah ya kiyaye. Ya haɗa mu da jikansa don ya nuna mana inda ramuka suke da inda macizai kan sha hantsi.

Kwando dai ba mu da shi, saboda haka muka yi yadda masu wasan suka yi tun farko kafin a ƙago kwandon, watau muka zaɓi itatuwa 9 muka ɗaura wa kowane jan ƙyalle a gindi. Wanda faifansa ya taɓa gindin itacen ya gama zangon. Akwai ɗorawa, akwai kaɗanya, akwai wata tsohuwar tsamiya da ta tsiro a tsakanin fa biyu, da wata kuka a can ƙasa kusa da rafi.

Zango na farko hawa ne, kuma nan muka fara sanin halin tudu. Faifan da zai ci mita 80 a fili, a hawa da ƙyar yake cin rabin haka, domin gudunsa yakan mutu da wuri, sai ya karkata hagu ya faɗi, in dai da hannun dama aka jefa shi ta baya. Ga kuma tsayuwar kanta, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tsakuwa tana zamewa, ba halin ɗaukar gudu. Abokina ya nuna mana cewa a irin wannan wuri gara mutum ya tsaya cik ya yi jifa biyu gajeru da ya nemi gamawa da guda ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A zango na huɗu muka kai saman wani falalen dutse. Daga nan mutum yana ganin gonaki shimfiɗe, da garken shanu suna kiwo a cikin kara, da hazo ya lulluɓe duwatsun nesa. Kukar da za mu jefa tana can ƙasa. Jifan gangara shi ne mafi daɗin kallo a wasan nan, kuma shi ne mafi yaudara. Dole a sunkuyar da bakin faifan ya bi gangaren ƙasa, domin in aka ɗaga shi sai iska ta shiga ƙarƙashinsa ta yi sama da shi. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma ita muke fuskanta. Ɗaya daga cikin samarin, wanda ya fi kowa ƙarfin dantse, ya zage ya wurga, faifan ya tashi kamar shaho, ya tsaya a sama, ya juya dama, ya tafi ya sauka cikin sarƙaƙiya nesa da kukar. Jikan mai unguwa, yaro ɗan shekara kamar 12, wanda tun safe yake kallo bai ce uffan ba, ya roƙa a ba shi ya gwada. Ya jira iska ta lafa, ya sake shi a hankali ƙasa-ƙasa, faifan ya bi gangara yana lilo har ya kwanta taku kaɗan daga gindin kukar. Yaron da ya tashi yana jifan kanya da korar birai daga gona ya riga ya san iskar dutsensu fiye da kowane baƙo.

Abu na uku da tudu ke koyarwa shi ne sauka. In faifai ya sauka kwance daidai da shimfiɗar ƙasa, nan zai tsaya. In kuwa ya sauka a kan gefensa, sai ya miƙe ya fara gudu kamar tayar da yara ke garawa, ya bi gangara har inda Allah ya tsai da shi. Mun ga wanda ya zo taku biyar daga tsamiya, ya yi jifa ya kuskure, faifan ya gangara ya koma bayan inda ya fara. Aka yi ta dariya har da matan da suka fito ɗiban ruwa. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma a gefen dutse faɗuwar ba ita ce ƙarshen magana ba.

Kafin azahar mun gama zango 9, mun sha hawa da sauka, ƙarangiya ta cika mana ƙafafun wando, yara fiye da 20 suna biye da mu, kowa yana jiran a ba shi jifa ɗaya. Ba mu sare ko reshe ba, ba mu zuba ko guga ɗaya na ruwa ba, da muka kwance ƙyallayenmu kuma wurin ya koma yadda muka same shi.

ABIN DA KE FAGEN ASARA

Dalilin da ya sa na ga ya dace a ba wannan labari fili a jarida shi ne halin da duwatsun Bauchi suke ciki. Tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1976 yake ta faɗaɗa, gine-gine sun tsallake ganuwa sun hau gindin duwatsu. Masu fasa dutse suna cin wasu ta gefe don tsakuwar gini da ta hanya, masu gawayi da itacen girki suna aske itatuwan da ke kansu. Ba wanda zai zargi talakan da ke fasa dutse don ya ci da iyalinsa, kuma gari ba ya ginuwa sai da tsakuwa. Sai dai dutsen da aka fasa ba ya sake tsirowa, ɗorawar da aka sare kuma sai an shekara da shekaru kafin wata ta kai girmanta. Idan aka tuɓe gangara daga itatuwa, ruwan damina yakan kwaso ƙasa ya yi zaizaya, ya afka wa gidajen da ke ƙasa.

A ɗaya gefen kuma ga samari. Filayen da yaran unguwa kan yi langa da ƙwallo a da, yawancinsu sun zama filoti. Mutanen Bauchi ba su manta da irin baƙin cikin da 'yan sara-suka suka jawo wa iyaye ba, kuma kowa ya san zaman banza yana cikin abubuwan da ke renon irin wannan ɗabi'a. Ba na cewa faifan roba zai magance rashin aikin yi. Amma yaron da ya yini yana hawa dutse da saukowa, yana ƙirga jifansa da gaskiya, domin a wasa na yau da kullum 'yan wasa su ne alƙalan kansu, da wuya ya sami ƙarfin yawon dare.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Kwandon nan sandar ƙarfe ce da sarƙa, duk mai walda a Bauchi zai iya ƙera shi idan ya ga hotonsa da awonsa. Ba a bukatar taɓa ruwan Madatsar Gubi, wanda ko don sha ma ana tattalinsa. Abin da ya fi wuya shi ne a keɓe wurin. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jiha da Masarautar Bauchi da ƙananan hukumomi su zauna su tantance duwatsun da za a bari a fasa da waɗanda za a hana taɓawa, tun kafin a wayi gari ba sauran zaɓi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran manyan makarantun garin, masu filaye da ɗalibai, su ne suka fi cancanta su fara gwaji. A ƙauye kuwa kada a kafa komai sai da yardar masu gona da makiyaya, a bar wasa sai bayan girbi, a nisanci maƙabartu da wuraren da mutanen gari ke girmamawa.

Baƙin da ke zuwa Bauchi a yau yawanci sukan ziyarci kabarin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, su gai da Sarki, su kwana ɗaya, gari ya waye su wuce Yankari kallon giwaye da wanka a Wikki. Da za a ba su dalilin hawa dutse, da sun ƙara kwana, mai otal da mai tasi da mai masa duk su samu. Wasu ƙasashe kuɗi suke kashewa su tara ƙasa su yi tudu don wasa. Mu kuwa Allah ya ba mu namu kyauta, sauran mu san darajarsu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Allah ya sa waɗanda abin ya shafa su ji, ya kuma ba mu lafiya da zama lafiya, amin.