Daren Farin Wata A Dandamisa

Wannan karon na ɗan ajiye labarin soyayya, tafiyata zan ba ku labari.

Bayan kaka ne, sanyi ya fara shigowa, Gwaggona ta aiko wai in ban zo na gan ta ba ta cire ni daga cikin 'ya'yanta. Ai kuwa ban yi sanya ba, na hau motar Zariya daga Kano, na sauka a Tashar Yari, daga nan sai Maƙarfi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Dandamisa. Kai jama'a, ƙasar rake! Duk inda ka waiga gonarsa ce, ga ƙamshin mazarƙwaila, tun ban isa ba yawuna ya tsinke.

Da dare muna cin tuwon dawa sai na jiyo tafi da guɗa daga dandali. Na ce, "Gwaggo, biki ake yi?" Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai sauran kalankuwa ne, da kin zo a zamaninmu da kin sha kallo."

Ta ce a da, in an gama kai amfanin gona gida, samari da 'yan mata kan shirya kalankuwa. Su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, su yi ta kwaikwayon mulkin manya, masu kalangu na kiɗa, ƙauyukan kusa duk an gayyato su. Kowace zabiyar 'yan mata takan ɓoye sabuwar waƙarta sai ranar. In 'yan amshi suka cafe, shi ke nan ta shiga gari, har gidajen biki; in kuwa suka yi shiru, a nan take mutuwa.

Ladidi, autar Gwaggo, ta ja hannuna. "Yaya, zo ki ga namu." Ashe wata guda suka yi suna gwaji a bayan rumbu, ita ta tsara wasan, ita ta ƙaga waƙoƙinsa. Labarin wata yarinya ne da aka cire daga makaranta aka ɗora mata farantin talla. Wata ta ɗaura gemun auduga ta zama uba, wata ta rungumi tulu tana bugawa. Ana magana sai a tsinke da waƙa, a yi rawa, a koma magana. Inda amshi bai zauna ba, nan take wata tsohuwa ta ce a sake, suka sauya shi a gabanmu, sai ga shi ya yi daɗi.

Ina cikin dariyar mai gemu sai jikina ya yi sanyi, don na tuna Ladidi ta gama aji uku na sakandare, kuma Malam, mahaifinta, ya ce karatun ya isa haka. Na waiga, wallahi sai ga shi can gindin darbejiya a tsaye, ya rufa da mayafi yana saurare.

Kada ku raina irin wannan wasa. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo, kuma a 1977 malamai da ɗalibanta suka tafi Soba suka shirya Wasan Manoma tare da mutanen karkara, a kan matsalolin da ke damunsu. Finafinanmu ma, da suka kankama da Turmin Danya a Kano a 1990, daga ƙungiyoyin wasan daɓe suka fito. Abin da ake koyo a jami'a, ga shi yara na yi da tulu da tafi.

Washegari da zan tafi, Malam ya sa aka ɗaura mini damin rake, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Wai littattafan aji huɗu nawa suke yanzu?" Bai ƙara komai ba, ni ma ban ja zancen ba, na dai faɗa masa. Ladidi na bayan ƙyaure, ta toshe baki da gyale.

'Yan uwa, in kun je ƙauye hutu kada ku zauna a ɗaki kuna latsa waya, ku leƙa dandali. Ladidi kuwa ku taya ni yi mata addu'a, Allah Ya sa Malam ya amince. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.