Littafin Bashin Baba da Masu Manhaja Biyu

Yau labarin shagonmu zan ba ku.

Babana dillalin wake ne a Agege, nan Legas. Ni na matsa masa a mayar da lissafin shago cikin kwamfuta, don littafin bashi ya yi kauri. Da ya amince na kawo masu rubuta manhaja biyu, sai ra'ayinsu ya saɓa.

Na farko ya ce mu faɗi duk abin da muke so, a rubuta, a sa hannu, ya dawo da kammalallen aiki bayan wata uku. Na biyu ya ce zai yi ɗan kaɗan cikin mako biyu, mu gwada, mu faɗi gyara, ya ƙara.

Daga baya na karanta cewa wannan gardama ta girme ni. Tun 1970 Winston Royce ya bayyana hanyar farko, ta mataki bayan mataki, kuma shi kansa ya yi gargaɗin tana da haɗari. A Fabrairun 2001 masana 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da ƙa'idojin hanya ta biyu, wato Ajayil. Masu hanyar farko sun yarda mutum ya san abin da yake so tun farko. Su kuwa waɗancan na ganin sai ya taɓa abu yake gane bukatarsa.

Baba ya zaɓi na farko, ya ce ɗan kasuwa magana ɗaya gare shi. Da manhajar ta zo, kowane bashi sai an sa masa ranar biya. Mu kuwa bashinmu ba shi da rana. Baffa, mai riƙe littafin shekara ashirin, shi ya san wanda aka yi wa rasuwa, da wanda motarsa ta lalace a hanya, a ɗaga musu ƙafa. Ranar zaman bai ce uffan ba, ashe ya ɗauka kujerarsa aka zo karɓa. Muka biya kuɗi, muka koma littafi. Kwana uku na kasa haɗa ido da Baba.

Da na koma wajen na biyun, bai zo da kwamfuta ba. Benci ya ja kusa da Baffa, ya ce, "Baba, koya mini yadda kake yi." Yanzu Baffa ke faɗa, ni ina shigarwa, littafin kuma na nan cikin akwati don kwanciyar hankalinsa.

Allah ya sa mu dace.