Wane Kulob Kake Yi?

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Sadik ya dawo daga Islamiyya rai a ɓace. Yara sun tambaye shi wane kulob yake yi, ya ce Najeriya, suka bushe da dariya. Wai Najeriya ba kulob ba ce. Shekararsa takwas. Ya ce Sallar nan ban da shadda yana son jesi ta yawon washegari, kuma lallai ta kulob. Na ce to, wanne? Shiru. Can ya ce, "Baba, kai ka zaɓa min."

Na ce a'a, ya kalla tukuna, Sallah da sauran wata guda. A zuci kuwa Arsenal nake ta kira masa.

Talata, 6 ga Mayu

Inter da Barcelona, ƙarfe takwas. Mamansa ta ce gobe makaranta, ba inda za shi. Ni kaɗai gidan kallo. Barca daga ci biyu da nema ta farke har ta wuce gaba, 'yan Barca sun fara hawa benci, sai ga wani tsoho Acerbi, ɗan shekara 37, ya farke ana dab da tashi. Ƙarin lokaci. Inter 4, Barca 3.

Na dawo dare ya yi, na same shi ido biyu a kan tabarma a tsakar gida, zafi ya hana kowa shiga ɗaki. "Baba, wa ya ci?" Inter. "To Inter nake yi." Na ba shi labarin Yamal, yaro ɗan shekara 17 da ya hana 'yan baya sakat. "To Barca." Kafin in cire takalmi ya yi barci.

Laraba, 7 ga Mayu

PSG 2, Arsenal 1. An fitar da mu. Tuwo na nan a rufe, ban taɓa ba. Bai tambaye ni wa ya ci ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Teburin mai shayi ba shiga. Tun daga nesa: "Baɗi ne naku!" Kowace shekara baɗi.

Ina ta lissafi a hanya. Rabonmu da kofin Firimiya tun 2004, lokacin ko aure ban yi ba. Na Zakarun Turai kuwa ba mu taɓa ɗagawa ba, 2006 aka je ƙarshe Barca ta ƙwace. Wannan zan ɗora wa yaro? Ni ma ai ba wanda ya zaɓa min. Oktoban 1999, Chelsea na cin mu biyu ba ko ɗaya a gidanta, saura minti goma sha biyar Kanu ya zura uku shi kaɗai, ta ƙarshen daga can gefen layi inda ba mai hankalin da zai buga. Daga ranar na shiga, ban sake fita ba. Kanu ya bar Arsenal tun 2004, ni ya bar ni a ciki.

Asabar, 10 ga Mayu

Labari ya kai wa kawunsa. Ya zo da hular sanyi ja ta Man U, a watan Mayu, a Kano. Sadik ya sa yana tsalle. Mamansa ta karɓa ta ƙura wa tambarin ido. "Yaya, wannan mai ƙaho da wutsiya da cokalin ƙarfe fa?" Kawu ya fara kame-kame, wai ado ne kawai. Ta ce ba mai shigo mata da shaiɗan gida, ta miƙa masa abarsa. Ban ce uffan ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Lahadi, 11 ga Mayu

Yau na kai shi gidan kallo, karon farko. Barcelona da Madrid, uku da kwata na rana, ba uzurin makaranta.

Rumfar kwano, zafi na saukowa ta sama. Benci a jere, fanka biyu suna juya iska mai zafi, inji na ruri a baya. Mai gidan ya ce yaro rabin kuɗi in zai zauna a cinya. 'Yan Madrid dama, 'yan Barca hagu, mu 'yan ba-ruwanmu a tsakiya tare da mai ruwan leda. Mbappe ya ci biyu tun da wuri, dama ta kaure, Sadik ya miƙe a cinyata yana ihun Madrid. Kafin hutun rabin lokaci Barca ta zura huɗu. Sai na ga ya koma kallon hagu a hankali, yana satar kallona ko na lura.

Hutu ya zo daidai La'asar. Rabin rumfa muka fita alwala, rabi suka zauna tsaron wuri. A sahu ɗan Madrid da ɗan Barca kafaɗa da kafaɗa, ana sallamewa musu ya ɗora daga inda ya tsaya. Mbappe ya ƙara ta uku. 4-3 aka tashi.

Abin da bai yi min ba: ashar. Sau nawa ina toshe masa kunne. Da kuma samarin bencin baya masu ƙananan takardu a hannu, ba ruwansu da wa ya iya, lissafin caca kawai suke. Ɗaya ya yaga tasa ya fita ana tsaka da wasa. Sadik ya tambaye ni takardar mece ce. Na ce rasit ne.

A hanya na ce to yaya? Ya ce gyaɗar wurin ta fi ta gida daɗi.

Talata, 13 ga Mayu

Yau ba maganar ƙwallo. Direban tirela zai zama.

Juma'a, 16 ga Mayu

Jiya Barca ta ɗauki kofin Sifaniya. Da safe shi ɗan Barca ne.

Bayan masallaci gidan Alhaji. Na ba shi labari don a yi dariya, bai yi ba. Ya ajiye carbi ya ce, "Ku dai kuna da abin mamaki. Mutum ya ƙi cin tuwo saboda unguwar da bai taɓa takawa ba." Ya jawo Sadik. "Zo nan, abokina. Kai ɗan ina ne?" Kano. "To kulob ɗinka na Ƙofar Mata."

Daga nan aka buɗe. Raccah Rovers, da kofin ƙasa na 1978, yadda gari ya ɗauka. Yadda aka haɗa ƙungiyoyi uku a 1990 aka yi Pillars. Kofin gasar ƙasa sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013, 2014 a jere. Ni na karɓa da 2009, don wannan da idona: Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Afirka, ta zo Kano aka yi 1-1, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallon waje. Har kusa da ƙarshe, Heartland ta tare mu. Ina faɗa ina jin tsigar jikina na tashi, abin da Arsenal ta daɗe ba ta yi min ba. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce "Sai Masu Gida!" da muryar da ban san yana da sauranta ba.

Sadik ya saurara tsaf. Tambayarsa ta farko: "Pillars tana bugawa da Madrid?" A'a. "Ana sa ta a gidan kallo?" Na yi shiru. "Tana cikin gem ɗin waya?" Alhaji ya kalle ni, wai mene ne gem.

Na kawo Ahmed Musa. Wanda ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya je Leicester ya dawo, yanzu haka jesin Pillars yake sawa, kuma a nan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin Turai ta san shi. Wannan ya shige shi. "Yana garin nan? Za a iya ganinsa?" Na ce za a iya. Na yi alkawarin kai shi fili kafin a rufe gasa.

Da dare na kasa barci. Kuɗin da na zuba a gidan kallo shekara da shekaru, da rabona da Ƙofar Mata tun kafin su faɗa ƙaramar gasa a 2022. Sun dawo 2023, ni ban koma ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Crystal Palace 1, Man City 0, kofin FA. Babban kofinsu na farko tun da aka kafa su. An nuno wani dattijo a cikin 'yan kallo yana kuka. Sadik: "Ba su suka ci ba?" Na ce su ne, ya daɗe yana jira ne. "Kamar kai?" Mamansa ta shige kicin tana dariya.

Litinin, 19 ga Mayu

Ya ce ko mutum zai iya yin kulob biyu. Na ce ɗaya na gida, ɗaya na waje, kowa haka yake yi. Uku fa? A'a.

Laraba, 21 ga Mayu

Tottenham 1, Man U 0 a Bilbao. Wayar kawu a kashe. Na so in yi murna, sai na tuna wa ya ɗaga kofin. Maƙwabtan Arsenal, bayan shekara 17. Daren nan ba wanda ya ci riba a danginmu.

Alhamis, 22 ga Mayu

Hadari ya haɗu da yamma, iska da ƙura, ruwan bai sauka ba. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu a lungu. Gola tsakanin takalma biyu, ƙwallon roba da ta sha ɗinki. Sadik ya ci ɗaya, da ƙauri ma, ba da niyya ba. Sai ya tsaya cak, ya rungume kafaɗunsa yana karkarwa kamar mai jin sanyi, gumi na zuba. Nura ɗan maƙwabta ya rugo ya tsaya gefensa, shi ma haka. Su biyu suna rawar ɗari a zafin nan.

Na san ta wane ne. Palmer. Chelsea.

Ban yi magana ba. Wataƙila wasa ne.

Lahadi, 25 ga Mayu

An rufe Firimiya. Liverpool da kofinta na 20 tun Afrilu, Salah ya fi kowa ci da 29. Mu na biyu, shekara ta uku a jere. Man U ta 15. Ta gida ma ta ƙare, Remo Stars ta ɗauka, karon farko.

Ba mu je Ƙofar Mata ba.

Talata, 27 ga Mayu

Kara. Raguna sun yi tsada, na taya biyu na dawo hannu wofi. Tela ya ce shaddar Sadik sai jajibiri.

Laraba, 28 ga Mayu

Ɗaya ga Zulhajji. Saura kwana tara.

Tun da Magariba yake zagaye mamansa. Wai baban Nura ya sayi mai, za su kalli Chelsea da Betis a falo, ba gidan kallo ba ne, ba ashar. Ta bar shi. Ni na zauna tsakar gida da rediyo. Betis ta fara ci, katanga shiru. Na kama kaina ina murmushi, na yi istigfari. Bayan hutu ihu ya tsallako sau huɗu, kuma a ciki ina rarrabe muryarsa. Palmer ne ya bayar da biyun farko.

Ya shigo yana haki. Bai ce min komai ba, ya wuce wajen mamansa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Da safe ina ɗaura masa igiyar takalmi. "Baba, in na yi Chelsea za ka yi fushi?" Na ce don sun ci jiya? Ya ce a'a, tun da Nura ya ce in ya yi Chelsea za su riƙa zama benci ɗaya. Tun yaushe? Tun kafin wasan Barca da Madrid. Ashe duk Inter da Barca da Madrid ɗin nan neman hanyar faɗa min yake.

Chelsea. Duk kulob ɗin duniya, sai wanda Kanu ya ci uku.

Na ce ba zan yi fushi ba. Na ma ƙara masa da abin musu: Babayaro, haifaffen Kaduna, ya yi musu wasa tun 1997, Mikel ya ɗauki kofin Zakarun Turai da su a 2012, Moses ma nasu ne. Ya maimaita sunayen har ya riƙe. Sharaɗi biyu na kafa. In an ci su ba sauyawa. Kuma na gida Pillars, wannan ba zaɓi ba ne, umarnin Alhaji ne. Ya ce ya yarda. Mamansa ta nemi ganin tambari. Zaki. Ta ce zaki ba laifi.

Asabar, 31 ga Mayu

PSG 5, Inter 0 a Munich. Ba a taɓa irin wannan rata a wasan ƙarshe ba. Hakimi ya buɗe, wani Doue ɗan shekara 19 ya ci biyu. Ina kallon Sadik ta gefen ido, in zai sauya yau ne. Aka tashi ya ce, "Sun iya. Amma ni Chelsea nake yi." Nura ya dafa shi.

Kawu ya kunna waya. Ya ce gara Chelsea da Arsenal. Ban amsa ba.

Litinin, 2 ga Yuni

An samu rago, ƙarami. Sadik ya sa masa sunan ɗan wasan Chelsea, Caicedo.

Talata, 3 ga Yuni

Kasuwa, cunkoson Sallah. Jesi a rataye har rufi: Madrid, Barca, Man U, Arsenal, Al Nassr mai lamba 7, PSG an fito da ita gaba tun shekaranjiya. Shuɗiyar Chelsea mai lamba 20 ba wuya, har kala biyu, mai tsada da ta yaku-bayi. Na ɗauki ta biyun, na ƙara girma ɗaya don ta kai baɗi. Ya sa ta a kan rigarsa tun a shago.

Na ce a kawo ta Pillars, ruwan ɗorawa da kore, daidai shi. Mai shago ya leƙa ƙasan kanta, ya aika yaronsa maƙwabta. Muka jira. Yaron ya dawo da guda ɗaya ta manya, har gwiwar Sadik. Ta yara babu a duk shagunan da muka shiga, wai ba a tambaya. Na sayi ta manyan, tela zai rage bayan Sallah.