Garin neman gira, Debian ta kusa rasa ido

Akwai manhajojin kwamfuta waɗanda masu su suka buɗe rubutunsu ga kowa: wanda ya so ya karanta, ya ɗauka, ya canza. Da irinsu ƙungiyar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, take aiki. Takan tattaro dubbansu daga hannun mawallafa, ta yi musu ƴan gyare-gyare don su zauna lafiya da juna, sa'an nan ta haɗa su ta rarraba. Irin wannan gyara na gida faci ake ce da shi, kamar wanda tela ke ɗora wa riga. Sai dai rigar ta wani ce, kuma mai ita bai aje allura ba. Duk sa'ad da ya fito da sabuwa, tilas a sake gwada facin a ga ko ya zauna.

A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian, wato manhajar da ke ƙera mabuɗan sirri, ya ga manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind tana ƙorafi a kan layi 2, sai ya kashe su. Na ɗaya ba shi da wani nauyi, amma na biyun ta nan ne lambobin da ba su cankuwa ke shiga cikin mabuɗi. Da aka toshe wannan ƙofa, mabuɗan da a da ba su ƙidayuwa suka koma kimanin 32,000 ga kowane iri, abin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya ba tare da wahala ba.

Facin ya zauna a gidan Debian, ya shiga Ubuntu, bai kuwa shiga rubutun asali ba, inda gwanayen abin ke sa ido. Manhaja ta ci gaba da haɗuwa lafiya, babu ƙararrawar da ta kaɗa. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano ɓarnar. Ala tilas masu na'urori a duniya suka zubar da mabuɗan da suka ƙera a wannan tsakani, suka sake sababbi.

Mai karatu, kada a ce laifin faci ne, don gidan da ke rarraba manhaja ba ya rabuwa da shi. Haɗarin yana ga facin da aka manta da shi. Tun 2009 Debian ta karɓi tsarin da ake aje kowane faci daban a cikin jaka guda, tare da jerin da ke nuna wanda zai riga wani hawa, rubutun asali kuma a bar shi yadda ya zo. A goshin faci ana so a rubuta dalilinsa, da inda ya fito, da ko an miƙa shi ga masu asali.

Wannan na ƙarshe shi ne babba. Facin da masu asali suka duba suka karɓa ya sauka daga wuyan mai shi. Wanda aka riƙe a gida kuwa bashi ne, ana biyansa duk ranar da sabon rubutu ya fito. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara; wanda ya taɓa ɗinkinsa, to, ya nuna wa mai shi.