Ba'agadashe a jirgin Kaduna zuwa Abuja

Mutumin Agadas da ke son shiga jirgin ƙasa sai ya fara cin doguwar hanya a mota. Babu layin dogo a Agadas, babu a Tawa, babu a Damagaram. A duk faɗin Nijar, dogon da aka shimfiɗa shi ne na Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya kammala a farkon 2016, amma bai taɓa zama hanyar da fasinja ke bi ba. Shi ya sa da ɗaurin auren ɗiyar ƙanena ya kira ni Abuja, na ƙudurta a raina cewa ƙarshen tafiyar nan a jirgi zan yi shi.

Da asuba muka bar gari, muka bi ta Adarbisnat da Tanut zuwa Damagaram. Wanda ya san hanyar nan ba sai an ba shi labari ba: ƙura har cikin haƙora, ramuka, shingen jami'an tsaro, da ciwon bayan da ke kwana da mutum. Daga Damagaram sai Matamaye, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, sai Daura, Kazaure, Kano.

Ban iya wuce Kano ban tuna abin da ke tsakaninta da mu ba. A cikin birni akwai unguwar Agadasawa, shaidar cewa kakanninmu sun daɗe suna sauke kaya a garin. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gat da duwatsun Azbin, a Agadas yake yada zango kafin ya gangaro Damargu ya shigo Kano, ya koma da fata da turkuɗi da gashin jimina. A 1911 dogo ya iso Kano daga kudu. Cikin ƴan shekaru kayan da raƙumi ke kaiwa arewa suka juya suka nufi Ikko da bakin teku, gyaɗa ta zama sarauniyar kasuwa, dalarta ta tashi a gefen tasha. Hanyar hamada dama ta fara rauni, jirgin ya ƙarasa ta. Abin da ya rage mana shi ne ayarin gishiri na Fashi da Bilma. Ke nan jirgin ƙasa ya taɓa rayuwar Agadas tun sama da shekara ɗari, alhali yawancin mutanen garin ba su taɓa ganinsa da ido ba.

Daga Kano sai Kaduna, inda ɗan ƴar'uwata ya tarbe ni. Tun ina hanya ya saya mini tikiti ta wayarsa, da lambar kujera da komai. Da hantsi ya kai ni Rigasa, can gefen gari, inda tashar take.

"Kawu, ka riƙe takardar shaidarka a hannu," in ji shi. "Tun daga bakin ƙofa za a nema. Kuma kada ka tsaya jiran a cika, wannan ba ya jiran kowa."

Haka kuwa aka yi. Aka duba takarda, aka duba jaka, aka laluba mu ɗaya bayan ɗaya. Wani jami'i ya dubi rawanina ya roƙe ni da ladabi in sassauta amawali ya ga fuskata, na sassauta, ya ce, "Sannu da hanya, Malam." Muka shiga tarago, kowa ya nemi lambarsa ya zauna. Ba mai lodi, ba buhu a ƙarƙashin ƙafa, ba wanda aka ce ya matsa a ƙara mutum ɗaya. Sanyin na'ura ya sa na ƙara jan rigata.

Wannan layi kilomita 186 ne daga Rigasa zuwa Idu ta Abuja. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2016. Faɗin dogonsa ya fi na tsohon layin Turawa da ya iso Kano, shi ya sa jirgin ke iya gudu ba tangaɗi. A lissafina, ayarin raƙuma zai yi kwana biyar ko shida a wannan nisa. Mu awa biyu da wani abu aka ce mana.

Tashinsa ma ban ji ba, sai dai na ga ginin tasha yana ja da baya. Na sayi shayi wurin masu zagayawa da abinci, na riƙe kofin cike a hannu muna cikin gudu, ko ɗigo bai zuba ba.

A kujerar da ke ɗaya gefen akwai wata tsohuwa da jikarta. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya bar shaida a fata. Yarinyar ta durƙusa ta zare mata takalman, ta ninke zane ta sa mata a ƙarƙashin dugadugai, ta gyara mata mayafi. Tsohuwar ta miƙe ƙafa, ta ciro carbi, ba a jima ba barci ya ɗauke ta da carbin a hannu. Da ta farka muka gaisa, ta ce asibiti za a kai ta a Abuja.

"Ɗana, daga ina?"

"Daga Agadas, Inna."

"Ikon Allah! Ku ma kuna da irin wannan a can?"

Na ce mata babu. Ta girgiza kai ta ce Allah ya kawo mana, na amsa da amin har cikin zuciyata. Na san tsofaffi irinta a garinmu da ake ɗauka zuwa asibitin Yamai, tafiyar kusan kilomita 950 ta Abalak da Tawa da Ƙonni, a zaune wuri ɗaya, ƙafa a lanƙwashe. Wasu wahalar hanyar ma kan fi musu ciwon da ya fito da su. Mu mutanen Azbin muna alfahari da jure tafiya, kuma gaskiyarmu, amma juriyar nan ta samari ce da masu lafiya. Mai ciki da majinyaci da tsoho su ne jirgi ya fi yi wa rana.

Ta taga kuwa ƙasa sai canzawa take. Lokacin damina ne, ko'ina shar: masara, kunyoyin doya, manyan duwatsu baƙaƙe da ruwa ke gangarowa a jikinsu, shanun Fulani, matan Gwari da kaya a kafaɗa. Ni da na fito daga inda ake ƙirga bishiya, kallon bai ishe ni ba. Muka wuce Kakau, muka wuce Rijana.

Daga nan hira ta ragu a taragon. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna daji da haɓarsa ya ce, "Alhaji, wajejen Katari ke nan." Na gane abin da yake nufi. A daren 28 ga Maris 2022 ƴan bindiga suka dasa bam a kan dogo a wannan yanki, suka buɗe wa jirgin da ya taso daga Abuja wuta, suka kashe mutane, suka shige daji da fiye da sittin. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgi kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Na dubi ƴan sandan da ke tsaye a ƙofar taragon da bindigogi, na yi wa mamatan addu'a. Mu ma mun san hanyar da ba a bi sai da rakiyar soja, kamar ta Dirku, don haka shirun nan bai zama mini baƙo ba. Abin da ya burge ni shi ne taragon cike yake: ɗalibai, ƴan kasuwa, ma'aikata, mata da goyo. Mutane sun dawo, don bukatarsu ga jirgin ta fi tsoronsu.

Bayan Jere dattijon ya tambaye ni ko na ji labarin dogon Maraɗi. Na ce na ji, har na ga wuraren aikin a hanyar Daura. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke yi. Ya ce wasu a Najeriya na ƙorafin me ya sa za a kai dogo wata ƙasa. Na ce masa Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne tun kafin a ja iyaka, kuma albasa da dabbobi da wake da ke gangarowa kudu kullum su ne amsar. Mu da yuraniyom ɗin Arlit ya shekara da shekaru yana ratsa garinmu a kan manyan motoci har Paraku ta Benin kafin ya hau jirgi zuwa Kwatano, mun san abin da rashin dogo ke yi wa hanya da kuma masu binta. Maraɗi da Agadas akwai nisa, amma in dogo ya taka ƙasar Nijar da fasinja a ciki, maganar kai shi Damagaram ba za ta ƙara zama tatsuniya ba.

A Kubwa mutane da yawa suka sauka, har da tsohuwar. Da ƙafarta ta taka zuwa ƙofa, jikar na riƙe da hannunta. Ni sai Idu. Na fito riga ba ƙura, na yi alwala na yi azahar a kan lokacinta, sannan na kira ƙanena na ce ya turo yaro ya ɗauke ni.